Sunayen da Hamidu Ya Ajiye a Kunnena

Shekara ashirin da biyar ke nan, a wannan shukar, da aka ɗauki ƙanena Hamidu daga ƙofar ɗakina a Filinge aka kai shi makwancinsa. Mutanen gari Mushe Hamidu suke ce masa, don ya karantar da 'ya'yansu a kolaj. Ni kuwa a bayana ya girma, ni na yi masa tsarki, ni na dake shi ranar da ya gudu daga lakwal, makarantar boko, ya ɓuya cikin rumbu. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya. Wannan magana da baki na faɗe ta, wakiliyar jaridar nan ta rubuta. Ba yabonsa ya sa na kira ta ba, addu'a ta fi masa amfani kuma ina yi. Kaya ya bar mini, kayan na lalacewa a hannuna, ni ma ina lalacewa tare da su.

Zamanin soja na farko ne ya dawo hutu daga karatu da wani akwati mai ɗaukar magana, manyeto suke ce masa, da kaset cike da jaka. Na zaci waƙa zai ɗauka, ko ya je wurin tsofaffin fada su lissafa masa sarakunan Kurfai kamar yadda sauran 'yan boko ke yi. Ya ce ba ko ɗaya. Shi maganar yau da gobe yake so, ciniki da gaisuwa da tsegumi da faɗan maƙwabta a kan akuya. Ya ce, "Yaya, so nike in tara magana kamar gero a rumbu, da yawa, sannan in zauna in ga abin da ke ciki." Na ce masa, "An tura ka neman ilimi ka koma tsince-tsince." Dariya ya yi. Hamidu bai taɓa iya fushi da ni ba, wannan na cikin abin da ke ba ni haushi da shi.

Maza ba su ba shi wahala ba, ko'ina suka zauna ya same su. Amma namiji baligi ba ya kutsa cikin gidan mutane ya zauna wurin daka, ko da ya shiga ma bakin mata mutuwa zai yi. Saboda haka ni ce na zama ƙafarsa. Ina sa manyeto cikin ƙwarya, in shiga, in gaya wa matan abin da ke tafe da ni, in ajiye shi a tsakiya in danna jan maɓalli. Da farko kowa sai ta gyara murya kamar mai gaida sarki. Kafin a tankaɗe gari sun manta da shi. Doka ɗaya ya kafa mini: kada in gyara wa kowa magana, kada in ce a sake. Haka muka bi ƙauyukan Kurfai, muka gangara Damana da garuruwan Tondikandiya, shi yana zaure da maza ni ina ciki. Kaset ɗin can ya fi so, inda mace ke fara magana da Hausa, in rai ya ɓaci ta ƙarasa zagin da Zabarmanci.

In mun dawo sai ya zauna ya saurara, ya tsayar, ya mayar baya, ya rubuta. Yana yanka takarda ƙanana, kowace kalma da tata, tare da abin da aka faɗa gabanta da bayanta, ya jera cikin kwalayen sukari. Shekaru ya yi yana wannan. Wata rana ya fito da murna ya ce ya gano cewa matan Kurfai in za su ƙi abu da wuya su ce a'a. Sai dai a ce hannuna da gari, ko sai mai gida ya dawo, ko a yi ta yabon abin har mai roƙo ya gane ba za a ba shi ba. Na ce, "Wannan ka ɓata idonka kana nema? Da ka tambaye ni." Ya ce, "Ke kin sani, Yaya, amma ba ki iya nuna ma wanda bai yarda ba. Ni ina buɗe kwali in ce ga shi, ga wadda ta hwaɗa, ga inda ta hwaɗa." A nan ya fi ni gaskiya.

Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, karatun manya ma gida-gida ne, kamar yadda muke da maƙera da masaƙa da majema, kowa da ƙofarsa da irin gaisuwarsa. Hamidu ya ɗauki aikinsa ya kai gidan masu nazarin harshe. Suka ce su magana tsararriya suke so, a sami dattijo guda a zaunar da shi a tambaye shi yana amsawa, wannan kuwa hayaniya ce, ga kukan awaki ga mata uku na magana lokaci ɗaya. Suka nuna masa ƙofar masu tarihi. Masu tarihi suka ce hirar wurin daka ba tarihi ba ce, ya gwada masu nazarin al'ada. Su kuma waɗannan bori suke nema da bikin haihuwa da yadda ake rabon gado. Ba wanda ya kore shi da wulaƙanci, kowa cewa yake aiki ne mai kyau, amma na maƙwabci ne.

Ga kuma rubutun kansa. Da Faransanci ake yi, kuma kowane gida da yadda yake so a ɗinka masa. Ya taɓa fassara mini farkon kundin da ya rubuta na neman zama dakta. Sai da ya gaida malaman da suka riga shi ɗaya bayan ɗaya, wane ya ce, wane ya ƙara da cewa, mutanen da ba su taɓa shan ruwan rijiyarmu ba, kafin ya iso kan abin da uwarmu ta faɗa. Kuma ba ya cewa na ji, sai mun ji, mun lura, muna ganin. Na ce, "Kai da wa?" Ya ce haka ake yi, wai kunya ce malami ya ce ni. Na ce to in dai kunya ce sun yi tarbiyya, amma mun ɗin nan ƙarya ce in ba da ni kake ba. Ya ce, "Da ke nike." Ya rubuta da ɗinkin wannan gida aka dawo masa da shi, ya warware ya sake da na wancan. Har ya ce mini wata rana, yana zaune bakin murhu kamar yaro, "Yaya, kowa tambayata shike ni ɗan wane gida ne. Ba wanda ya ce in buɗe kwalin." Daga ƙarshe ya karɓi aikin kolaj ya dawo gida. Ba a taɓa kiransa dakta ba.

Yanzu ga inda kayan suka hau kaina. A shekarar yunwa mun ɗauki mata suna maganar rabon hatsin taimako, wa ya samu, wa aka tsallake, buhu nawa ya bi ta bayan gida. Mata in suna daka ba sa tauna magana. Labari ya kai kunnen wani mai kaki cewa akwai ɗan boko da ke yawo ƙauyuka da na'ura. Aka kira Hamidu, aka riƙe wasu kaset. A jikin kowanne kuwa ya rubuta sunan gari da sunayen matan. Aka aika aka kira mijin ɗaya daga cikinsu. An sake shi, bai kwana can ba ma, amma mutumin nan har ya mutu bai sake amsa gaisuwarmu ba, matar kuma ba ta sake zama inda nake ba. Da aka maido kaset ɗin, Hamidu ya zauna da reza ya kankare rubutun da ke jikinsu duka, ya ƙone takardun da ke da suna. Ya ce, "Ke kina wurin duk sadda anka ɗauka. Sunayen su zamna kunnenki, nan ba mai karantawa."

Wanda bai san mu ba zai ce ai sunan zai fito cikin hirar. Ba ya fitowa. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗanta na fari, surukai ba a ambatarsu. Junansu kuma ke ce, ƙawa ce, taubashiya ce, ko wani laƙabin tsiya da ba wanda ya sani sai su. Sai ka saurari kaset daga farko har ƙarshe ba ka ji sunan kowa ba, ba ka ji sunan garin ba. Ni kaɗai nake jin murya in ce wannan wance ce, ta gidan da ke bayan masallaci, uwarta Bazabarma ce, lokacin tana goyon na huɗu.

Ciwon hanta ya ɗauke shi. Bayan sadakar arba'in na zauna jiran waɗanda za su zo karɓar aikin, don na san in maƙeri ya mutu maƙera ke zuwa ɗaukar uwar maƙera. Ba wanda ya zo. Wa zai zo, tun da ba gidan da ya ce nasa ne? Gara ta ci kwalayen sukari da takardun da ke ciki, na buɗe wata damina na tarar da ƙasa. Kaset ɗin suna cikin adaka ta ƙarfe, su suka tsira. Na ɗora ta bisa duwatsu a ƙuryar ɗaki, na hana jikoki zama a kanta. Soja suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya, suka sake dawowa, adaka na nan.

Shekarun baya kaɗan wata mata ta yi sallama, ta ce sunanta Malama Ramatu, daga Yamai. Wai ta ga sunan Hamidu a ƙasan shafin wani tsohon littafi, da ƙananan baƙaƙe, an ce yana da tarin maganar matan Kurfai da ba a san inda yake ba. Ban nuna mata adaka ba ranar. Na ba ta tuwo da miyar kuka na zauna ina kallon yadda take ci. Na bar ta ta kwana, na ga ko za ta ɗauki tsintsiya da safe. Ta ɗauka. Da na buɗe mata adaka ba ta kai hannu ba sai da na ce ta taɓa. Ita ta gaya mini cewa abin da Hamidu ya yi yanzu ya sami gida, akwai malamai da aikinsu ke nan, tara magana da yawa yadda ta fito daga baki a zuba a na'ura mai ƙwaƙwalwa a bincika. Ta nuna mini. Ta rubuta kalma guda, kafin in ajiye moɗa na'urar ta jero duk inda kalmar ta fito cikin abin da aka zuba mata, da na gabanta da na bayanta. Kwalayen sukarin Hamidu ke nan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan. Na san zai yi dariyar nan tasa, sannan ya zagaya bayan ɗaki don kada in ga fuskarsa. Shekarunsa da idonsa, ga su cikin ƙiftawa ɗaya. Amma in ya dawo na san tambayar da zai yi wa na'urar: wa ta faɗa? Ita kuwa ba ta sani ba. Malama Ramatu ma abin da ta ce ke nan. Ta ce, "Inna, in ba a san garin mai magana ba, da shekarunta, da harshen da ta sha a nono, to gero da dawa da maiwa ne aka zuba rumbu guda. Ana iya ci, ba a iya shukawa." Na gindaya mata sharaɗi, sunan kowa ba zai fita ga jama'a ba, gari da shekaru kawai, sunan a ajiye don jikokin mai shi. Ta yarda. Ta kwafe wani kaso na kaset ɗin, muka fara. Tana kunnawa ina faɗa. Na ga matan da suka mutu tun kafin a haife ta sun cika mini ɗaki, har da wadda muka rabu ba ma magana.

Ba mu ci rabi ba. Wani zazzaɓi ya kwantar da ni, na tashi kunnen hagu ya mutu. Na dama kuma tun daga nan yake ja da baya, kamar mai magana yana tafiya yana nisa. Likita ya leƙa ya ce tsufa ne. A daidai lokacin hanyar Yamai ta lalace, kowa ya san da me, mai shiga mota sai ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya Makka. Waɗanda ke ɗaukar nauyin aikin Malama Ramatu suka tattara suka koma ƙasarsu. Ba ta daina ba, Allah ya saka mata. Takan kira ni daga Yamai ta salula ta kara ta a bakin na'urarta. Amma muryar da ta shekara arba'in a kaset, ta bi ta na'ura, ta bi ta salula, ta iso kunnen da ya kusa mutuwa, kukan sauro ce kawai. Sauran kaset ɗin da ba ta kwafa ba suna nan wurina. Zafi ya manne wasu, in na kunna sai zaren ya tsinke. Kowace bazara adaka na cin nata, kunnena na cin nasa.

Kwanan baya ta sa mini wata murya. Mace ce tana ba da labarin yadda suka jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji, a shekarar yunwa, suna zubar da ruwan ɗaci suna sake wani, tana yi tana dariya wai mijinta ya ce ta fi wake daɗi don kada yara su ƙi ci. Na san dariyar nan. Na ga tsakar gidan, na ga gawon da ke bakin danga. Sunan ya ƙi zuwa, garin ma ya rabu mini biyu. Malama ta ce, "Inna, wanne kika fi zato? Mu sa shi." Na ce mata ba a sa wa mamaci gari da zato. Ki rubuta ba a sani ba. Ta ce ba a sani ba ɗin sun fara yawa. Na ce na fi ki sani.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne ba inda za a koma a tambaya. Da yawa daga garuruwan da muka bi ba kowa cikinsu yau, masu bindigar da suka lalata hanya sun tashe su. Mutanensu suna nan gefen Filinge cikin rumfunan zana da leda, sun bar rumbuna da kaburbura. 'Ya'yansu a nan za su tashi da maganar gari da ta rediyo. Yadda ake magana a can, in ba cikin adakar nan ba, ban san inda ya rage ba.

Na daɗe ina auna abin kafin in yi. Amana aka ba ni, kuma na ga abin da kaset guda ya jawo wa gidan mutane. Amma masu maganar kusan duk sun riga mu, kuma in akwai mai haƙƙi a kan muryar uwa, ɗiyarta ce. Wata ranar kasuwa na sayi pil, batir ke nan, na sa manyeto cikin ƙwarya na tafi wurin rumfunan. Na kori maza, har da wani tsoho da ya ce shi ai ya zama mace. Na ce in ka zama mace ɗauki taɓarya. Matan suka yi dariya suka matso. Na sa kaset ɗin mai labarin anza. Suna ta hira a kai, wata na cewa kakarta ma haka take jiƙawa, sai wata mai kamar shekara hamsin, Hajo suke ce mata, ta ɗaga hannu ta ce a yi shiru. Ta ce, "Wanga turminmu ne." Aka ce turmi kuma? Ta ce, "Ku ji bayan maganar. Shina da tsaga, in taɓarya ta sauka sai ya amsa biyu. Kakata ta hana a yar da shi. Mai dariyan nan matar baffana ce, ni ina yarinya sadda wata mata ta zo da rediyo cikin ƙwarya." Ta dube ni ta dubi ƙwaryar. Ta faɗi sunan matar da na garin, ba ko ɗaya daga cikin biyun da nake zato. Sauran matan suka kasa kunne, suka ce ƙwarai ga shi nan, turmi na amsawa biyu.

Ni ban ji turmin ba. Na manna kunnen dama a jikin manyeto har ƙarfen ya yi mini zafi. Ba turmi, ba taɓarya. Dariyar ma sai na tsinto ta can ƙasa.

Na kira Malama Ramatu na gaya mata. Ta ce, "Inna, kin tabbatar?" Na ce ban ji ba, Hajo ce ta ji, ki rubuta haka. Ta ce akwai yadda suke sa alama in shaidar ta wani ce. To madalla, ko wannan sun tanada. Murya ɗaya ta koma garinsu. Waɗanda suka rage cikin adaka sun fi gaban in ƙirga, kuma ba kowane gida ke da turmi mai tsaga ba.

In aka ce me ya rage na Hamidu, ba kundi, ba laƙabin dakta, ɗalibansa na kolaj sun tsufa suna tuna shi da ja musu kunne. Abin da ya rage shi ne ya yarda maganar uwayenmu ta isa a tara a ajiye yadda take, lokacin da ba gidan ilimin da ya buɗe mata ƙofa. Yau ƙofar ta buɗe, shi ba ya nan, ni kuma da ya bar wa sunayen ina kurmancewa. Saboda haka ga roƙona, ni da ban saba roƙo ba. Malaman da wannan ya zama aikinsu, ku nemi hanyar da za a kwafe sauran kafin wata bazarar. Ku kuma matan Kurfai da Tondikandiya, duk wadda ta tuna wata doguwar mata marar fara'a ta taɓa shigowa gidansu da rediyo cikin ƙwarya, ko ta ji uwarta na ba da labarin, ta zo ta saurara. Ku tambaya wurin masu sayar da daddawa, za a nuna muku gidan. Da hantsi na fi ji, kafin hayaniya ta tashi. In kun yi sallama ban amsa ba, ku shigo kawai. Ba fushi nake ba.